Alƙalan da Suka Sa Aka Fasa Rufewar Kawu Jibrilla

Kawu Jibrilla Rabo yayan mahaifiyata ne, kuma a duk ƙasar Sae Sabuwa ba a yi maginin rufewa kamarsa ba. Rufewa ita ce rumbun ƙasa, mai tumbi kamar tulu, wadda ake ɗorawa bisa duwatsu a kifa mata jinka. Kakanninmu Buzaye ne, mutanen da ba su san gini ba sai bukkar tabarma. Da suka sauko daga arewa suka ajiye raƙumi suka ɗauki hauya, sai ga jikansu ya fi 'yan ƙasa sanin laka.

Gajere ne, mai faɗin tafin hannu, kuma ba mutum ne mai daɗin zama ba. Kafin ya kwaɓa ƙasa sai ya ɗanɗana ta a harshe, in ba ta yi masa ba ya tofar ya ce a sake wurin haƙa. Layi ɗaya yake ɗorawa a rana, ya bar shi ya sha iska. In mai aiki ya ce a yi sauri, sai ya wanke hannu ya saɓa rigarsa, kuma ko maigari aka turo ba zai dawo ba. Matarsa, Inna Lauratu, takan ce shekara talatin tana gidansa amma rufewa ta fi ta jin muryarsa. Duk da wannan hali, daga Gidan Sori har gefen Gazawa amalanke ake aiko masa, domin abin da ya gina gara ba ta hawa, ɓera ba ya hudawa.

A ƙauyenmu, Garin Tata, akwai wata al'ada game da iri. In an yi girbi, maigida yakan zaɓi zangarniyar da ta fi ƙosawa, ya jera ta a ƙaramar rufewa da toka, ya liƙe bakin da laka. Daga ranar ba a taɓa ta sai ruwan shuka ya sauka. Kowa ya san abin da ke ciki, amma ko yunwa za ta kashe mutum ba ya roƙon abin da aka liƙe, kuma ba ya ko ambatarsa. In kuwa hatsi ya fito fili ido ya gan shi, to mai shi ba shi da bakin hana ɗan'uwa mai jin yunwa. Duka biyun muke riƙe da su, kuma ba su taɓa karo da juna ba, tunda ba wanda ke buɗe iri kafin lokacinsa.

Daminar shekarar tamanin da huɗu ta zo ta wuce kamar ba ta zo ba. Gero ya kai gwiwa ya tsaya, ya ƙone a tsaye. Mutane suka cinye abin da ya rage na bara, suka koma dusa, daga dusa suka koma jiƙa anza, 'ya'yan itacen daji masu ɗaci. Da yawa sun cinye irinsu tun kafin su liƙe. Kawu ya tsinci abin da ya tsinta a gefen fadama, ya haɗa da ragowar irin bara, ya liƙe. Shi da Inna Lauratu suka shiga sahun masu cin anza, rufewa cike da gero tana tsaye a tsakar gidansu. Wata shida ba wanda ya ce masa uffan. Kowa dai ya sani cewa ranar da ruwa ya sauka, daga wannan rufewa rabin garin zai samu abin jefawa a rami.

Ana cikin wannan hali, da bazara, sai takarda ta zo daga buro, wato ofishin gwamnati. Ni ne mushen lakol, wato malamin makaranta, na garin a lokacin, don haka ni na karanta wa Maigari Bakari. Wata ƙungiya ce ta ƙasar waje ta shirya gasar ginin gargajiya, alƙalai za su zagaya ƙauyuka su zaɓi rufewar da ta fi kyau. Na karanta sau biyu don na zaci idona ne. Shanu na mutuwa a bakin rijiya, wasu kuwa sun zauna a ɗaki mai sanyi sun ga ba abin da ya fi gaggawa sai a san wace rufewa ta fi wata kyawun tumbi.

Da hantsi alƙalan suka iso a farar mota, da jandarma ɗaya, ɗan sanda mai rakiya. Su uku ne. Akwai wani tsohon Bature mai lofe, wanda aka ce ya rubuta littafi a kan ginin ƙasa, amma da ganin farcensa ka san bai taɓa kwaɓa ta ba. Akwai wata Madam mai na'urar hoto biyu a wuya, kome ta gani sai ta dafe ƙirji ta ce abin sha'awa ne, har da ƙashin jakin da ya mutu a bakin gari. Na ukun namu ne, baƙi kamar ni, Mushe Hamidu, wanda ya karanto zanen gini a ƙasar Turawa. Da maigari ya gaishe shi sai ya juyo ya dube ni, wai in fassara masa. Kowannensu na riƙe da takarda mai layi-layi ta ba da maki.

Gidan Kawu aka kai su, ina kuma za a kai su? Suka kewaye ƙaramar rufewar suna ta surutu. Bature ya ja da baya, ya rufe ido ɗaya, ya miƙa babban yatsa. Madam ta ce siffar tana tuna mata da uwa mai ciki. Mushe Hamidu ya zaro igiyar awo ya auna daga ƙasa zuwa wuya, ya rubuta, ya sake aunawa. Ba wanda ya tambayi inda aka haƙo ƙasar, ko kwana nawa aka yi ana gini, ko dalilin da ya sa duwatsun gindi suke da wannan tsawo. Mai ginin yana tsugune a gefe, ba wanda ya ko dube shi. Mutanen gari kuwa sun taru a bakin darni, ba don son kallo ba, sun dai ga farar mota ne suka zaci dawa aka kawo.

Can sai Bature ya duba takardarsa ya ce saura ciki. Ciki yana da maki goma.

Na faɗa wa Kawu. Bai ɗago kai ba ya ce, "Hwaɗa musu iri na ciki. Ba a buɗa ta sai ruwa ya sauka."

Na fassara. Mushe Hamidu ya yi murmushi ya gaya wa abokansa da Faransanci cewa mutanen ƙauye ba sa rabuwa da camfi. Madam ta ji daɗin wannan ƙwarai, ta rubuta. Na ce ba camfi ba ne, na fara bayanin al'adar. Bature ya saurara da ladabi yana gyaɗa kai, da na gama ya ce ya fahimta sarai, amma ƙa'ida ƙa'ida ce, ba za su yi wa sauran masu gasa rashin adalci ba. Minti biyar kawai, in ji shi, sai a mayar a liƙe.

Nan ne nawa laifin, kuma ba zan ɓoye shi ba. Da na ce musu kububuwa ce a ciki, da sun koma mota da gudu. Ban yi wannan tunani ba. Ina can ina gyara Faransancina don Mushe Hamidu ya san ni ma na yi lakol.

Maigari Bakari ya matso ya durƙusa kusa da Kawu, ya rage murya. "Jibrilla, ka dubi Allah. Motag ga irin ta masu kawo dawa ta. In sun tahi da hushi suka shahe sunan garin ga, mi za mu ce ma mutane?"

"Kai ma ka san abin da za ya hwaru in an buɗe."

"Na sani. Amma baƙin gwamnati na."

Ana haka sai Mushe Hamidu ya gaji da jira, ya juya ga mutanen da ke bakin darni ya ce, "Kai, ku kawo tsani mana, rana tana yi!" Hausar Gazawa tsantsa, ba ko gargada. Wallahi har yau in na tuna sai raina ya ɓaci. Bature da Madam jahilai ne, jahilci kuwa ana yafe shi. Wannan a gindin rufewa aka haife shi. Ya san abin da yake nema a yi, ya dai fi tsoron a ce shi ɗan ƙauye ne.

Kawu bai yarda wani ya taɓa ba. Shi ya hau, ya sauke jinkar, ya sa ƙotar gatari ya fasa lakar da ya liƙa da hannunsa. Ƙamshin gero ya sauko tsakar gida. Wanda bai yi wata shida yana cin anza ba, ba zai san abin da wannan ƙamshi ya yi wa mutane ba.

Bature ya hau tsani da ƙyar, ya leƙa, ya ce ta cika da yawa, ba ya ganin bango. A rage. Aka shimfiɗa tabarma, Kawu ya riƙa miƙo zangarniya ina karɓa, har ta yi tudu a gaban mutum sama da ɗari. Madam ta roƙi a matsar da jama'a don sun tare mata haske. Mushe Hamidu ya zura igiyarsa ciki ya karanta lamba. Suka haɗa kai suka yi ƙus-ƙus, kowa ya rubuta nasa, suka sha ruwan sanyi daga gorarsu, suka ce a gaya wa magini ya yi ƙoƙari. Motarsu ta tashi, za su Gangara.

Ba wanda ya yi wawar geron, ba wanda ya roƙa. Mutane suna tsaye kawai. Mahaifiyata ce ta fara. Wata shida tana zuwa gidan yayanta kullum ba ta taɓa kallon wajen rufewar ba. Ta matso ta ajiye ƙwaryarta a bakin tabarma, ta koma ta tsaya, tana kallon ƙafafunta. Kawu ya dube ta, ya dubi ƙwaryar, ya tsuguna ya cika ta. Wanda ya cika wa ƙanwarsa, da wane ido zai hana maƙwabcinsa? Kwana huɗu ana jin daka a Garin Tata. Ni ma na ci tuwon, har na nemi ƙari.

Ruwa ya sauka bayan wata biyu, kuma damina ce irin wadda aka daɗe ba a gani ba. Abin da ya rage wa Kawu shi ne ɗan ƙullin da Inna Lauratu ta ɓoye a haɓar zane, ya shuka wuri kamar turken jaki biyu. Sauran gonar tafasa da ƙarangiya suka gaje ta. Irin taimako ya iso bayan lokacin shuka ya wuce. Kawu, yana da shekara sittin, ya tafi ƙodago gonakin Gidan Sori, yana noma wa mutanen da shi ya gina musu rufewa.

Da kaka takardar sakamako ta zo, mai kauri, da hatimi ja. Na same shi da safe yana wasa wuƙar yankan gero, zai tafi girbin wani.

"Kawu, ka zo na biyu."

"To. Mi ya hana na ɗaya?"

"Sun ce bakin ya yi ƙanƙanta, kuma ba su samu ganin ciki yadda suke so ba."

Ya ci gaba da wasa wuƙarsa. "Wa ya ci?"

Na duba takardar. Wata rufewa ce a Gangara. Mai ita ya kwashe iyalinsa ya tsallaka iyaka tun farkon yunwa, ba ko ƙwaya a ciki. Alƙalai sun rubuta cewa sun shiga ɗaya bayan ɗaya, sun auna kome a natse, kuma sun yaba da sarari da hasken da ke cikinta. Na karanta masa duka, ban rage ba.

Kawu ya gwada kaifin wuƙar a farce, ya miƙe ya rataya gorar ruwansa.

"Rubuta musu su komo," ya ce. "Yanzu tawa ma ta cancanta."