Mati da Damin Iri

Har yanzu raina a ɓace yake.

Jiya a ƙauyenmu, gefen Ɗambatta, muna cin tuwon gero na ambaci Mati, manomin wani wasan rediyo da muke saurare a shekarun fari. Komai yunwa, Mati ba ya taɓa damin iri.

Sai ƙanina ya kwashe da dariya. "Yaya, mutumin da babu shi kake yabo?"

Na ce, "Babu shi? Ranar da Inna ta kwance damin irinmu za ta sussuka, Baba ya ce, 'Mati ba zai yi haka ba.' Rama muka ci har damina. Tuwon hannunka jikan geron nan ne."

Jama'a, ku gaya min, wanda ke ciyar da mu har yau, shi ne babu shi?