Gaɓa Ɗaya a Bakin Majhi

Sukhen Pakrashi bai taɓa zana mutum ba, bai kuma taɓa ƙirƙiro labari ba. Aikinsa a gidan ɗab'in Laha, can cikin wani lungu na Kalkata, shi ne rubuta magana. Mai zane zai gama nasa, ya bar farin fili kamar ƙwai a saman kan kowa, sai a miƙo wa Sukhen ya cika shi da alƙalami. Da rubutun allunan shaguna ya fara yana saurayi, har tsohon Laha, mai gidan, ya ga hannunsa a ƙofar wani mai kayan zaƙi ya ɗauko shi. Tun daga nan duk abin da Majhi ya faɗa a duniya, ta hannun Sukhen ya bi.

Majhi shi ne jarumin gidan, matuƙin kwalekwale da tsawa ta faɗa wa bai mutu ba, ya koma tashi sama yana jibgar mugaye da filafili. Yaran da suka tashi da shi sun yi tumbi, sun yi sanƙo, ba su sake shi ba. Yana da budurwa, Mala mai kifi, da aka yi shekara da shekaru ana shirin bikinsu. Akwai kuma Kajal, son farko, da kogi ya haɗiye tun kafin labari ya fara. Ba a taɓa zana fuskar Kajal ba. Harshen Bangali kuwa kalma ɗaya gare shi ta "shi" da "ita", sunan kuma maza da mata duk suna amsa shi. Sai masu karatu suka yi wa Kajal dogon gashi da zanen mata na sari a ransu, babu wanda ya ga abin tambaya.

Da marubucin Majhi ya rasu, 'yarsa Tuli ta karɓi labarin. A fitowar Puja, babban bikin shekara, ta zana Kajal: namiji ne, da gashin baki, yana ɗinkin koma, Majhi ya ɗora kai a cinyarsa. Sukhen ya rubuta a saman kan Majhi, "Kajal, ba ni da wata gaɓa sai kai."

Ya kai wa Niren, abokin zamansa, kwafi ɗaya gida. Sukhen ya yi aure a da, ya so Shefali so na gaskiya, ya yi jinyarta har ta cika. Bayan wasu shekaru Niren, tsohon kwandastan bas, ya shigo da akwati ɗaya bai sake fita ba. A matakala da kasuwa Sukhen-da yake kiransa, wato Yaya Sukhen, maƙwabta kuwa suka ɗauka ƙani ne daga ƙauye, ko kuma suka ga ɗaukar hakan ta fi sauƙi. In an rufe ƙofa, Sukhen ne kawai. Niren ya daɗe a kan shafin nan. Sannan ya sa wa littafin rigar leda, ya kuma dafa kifin ilish, wanda sai da dalili yake shiga gidan.

A waje kam gari ya ɗauka. Masu shaguna suka riƙa dawo da littafin ɗauri-ɗauri, wasu suka ƙona nasu a bakin lungu suna ɗaukar hoto. Tuli ta kashe waya ta tafi wajen gwaggonta a Siliguri. A teburin mai shayi, Bappa, ma'aikacin banki mai yawo da rigar Majhi, ya tare Sukhen.

"Kawu, kai da furfurarka ka zauna ka rubuta wannan?"

"Abin da aka miƙo mini nake rubutawa."

"Majhin namu ɗan luwaɗi? To Mala fa, ado ce?"

"Ita ma yana sonta mana. A shafi na gaba gidanta ya je cin kifi."

"Ka ji fa. Mutum ya tsaya wuri ɗaya mana, mu san ta inda za mu zage shi."

Aka yi dariya, Sukhen ma ya taya, ya fasa kofin yumɓunsa a kwata kamar kowa ya wuce.

Arko, ɗan tsohon Laha, shi ke riƙe da gidan yanzu. Ya kira Sukhen ofis ya tura ƙofa.

"Sukhen-da, gaɓa ɗaya ce. Zanen ba za mu taɓa shi ba. A bugu na biyu, duk inda ya ce Kajal, ka maƙala masa 'da'. Kajal-da. Ƙani ya kwantar da kai a cinyar yayansa, wa zai ce uffan?"

"Tuli ta sani, Ƙaramin Maigida?"

"Za ta gani a kasuwa kamar kowa. In kuma hannunka ya gaji ka faɗa mini, kwamfuta ba ta gajiya."

Sukhen ya san wanda zai karanta, ya kuma san da idon da zai karanta. Duk da haka ya koma teburinsa. Filin ya yi wa maganar kaɗan, sai da ya kankare layin farko da reza, ya matse haruffan, ya shigar da gaɓar kamar da ita aka haifi shafin. Ya ji kunya, ya kuma ji daɗin kyan aikin, na biyun nan ne ma ya fi damunsa. A gida bai ɗaga maganar ba.

Bugu na biyu ya fita, ƙura ta lafa. Bappa ya saya masa shayi yana cewa ai shi tun farko ya faɗa, kuskuren ɗab'i ne. Wannan karon Sukhen bai kai kwafi gida ba, ya manta cewa Niren ma yana da ƙafa, kuma mai jaridar bakin titi abokin hirarsa ne.

Ranar Lahadi da rana ya fito wanka ya tarar da littattafan biyu a buɗe kan tabarma, shafi ɗaya, gefe da gefe. Niren na zaune da tabarau a kan hanci. Ƙofa a rufe take, har da sakata.

"Na duba, na sake dubawa," in ji Niren. "Hannunka ko rawa bai yi ba."

"Niren, aiki ne."

"Na sani. Aiki ne mai kyau."

Ya rufe littattafan, ya tashi ya zuba shinkafa da miyar wake, ya yanka lemon tsami ya ajiye a gefen faranti yadda Sukhen yake so. Sannan ya ja baya ya tsaya, yadda yake tsayawa in akwai baƙi.

"Abinci zai huce, Sukhen-da."