Sallama a Ƙofar Gidan da Babu Kowa

Cikin duk tafiye-tafiyen da na yi, wadda ba za ta fita raina ba ita ce ta Faransa, shekarar da ɗana ya aiko mini da tikitin jirgi in je in ga jikata. Can aka haife ta, tana da shekara bakwai, ban taɓa ganin ta ba sai a waya.

Ranar da na sauka na yi mata abin da kowane kaka ke yi wa jika a garinmu Filinge. Na dube ta sama da ƙasa na ce, "Wagga mummuna ce kuka kira ni in gani?" A yankinmu na Kurfai yarinya za ta murguɗa baki ta rama. Ita kuwa ta fashe da kuka ta shige ɗaki. Uwarta ta yi ta bayani cewa wasa ne, ba ta yarda ba. In na shigo falo ta fita, in na miƙa mata hannu ta ɓoye nata. Ga ranar komawata tana matsowa, ga shekaruna, ban san ko zan sake zuwa ba.

Ana nan ɗana ya kai mu wani wurin wasa da aka gina shi kamar cikin fim. Ni mutum ne mai son tsari, wurin kuwa ya burge ni ta wannan fuska. Da farko layi, kowa a bayan wani. Sannan wani jirgin ƙasa ƙarami ya zagaya da mu, aka saki ruwa kamar ambaliya, aka kunna wuta, duk a kan ƙa'ida. Bayan nan muka fito wani titi mai gidaje masu kyau, da labule a tagogi.

Nan azahar ta same ni. A wurinmu, matafiyi in salla ta kama shi, ƙofar da ta fi kusa yake tsayawa, a kawo masa buta da tabarma. Ban tambayi kowa ba. Na gyara hulata, na tsaya gefen wata ƙofa shuɗiya, na yi sallama. Shiru. Na sake. Ina shirin ta uku sai na ji ana jan rigata.

Jikata ce. Ta ja ni muka leƙa ta gefen bangon. Babu ɗaki, babu tsakar gida, katako ne kawai aka tokare da ƙarfe. Ta dube ni, ta tattaro ɗan abin da take da shi na Hausa ta ce, "Kaka, kai baƙauye ne!"

Uwarta ta zaburo, "Ke! Kakanki kike faɗa wa haka?"

Na ce, "Ƙyale ta, ɗiyata, haƙƙinta ne." Na juya ga yarinyar, "Baƙauye ni? Ke da ba ki iya cin tuwo da hannu ba?"

Ta dubi fuskata ta ga ko fushi nake. Da ta ga haƙorana sai ta ce, "Kai kuma kana gaida katako!" Dariya ta kama ta har ta durƙusa, ɗana ma ya juya baya kafaɗunsa na rawa.

Wani ma'aikacin wurin ya nuna mana wani lungu mai tsabta na yi salla. Ita ta riƙe mini takalma. Daga nan har yamma ba ta bar ni ba, kowace ƙofa muka wuce sai ta ce, "Kaka, yi sallama."

Yanzu ta zama budurwa. Duk Juma'a takan kira ni, kuma ba ma rabuwa sai mun tsokani juna son ranmu. Abin da na koya shi ne, yaron da bai tashi cikin al'ada ba, bayani ba ya shigar da shi. Sai babba ya yarda an fara yi masa dariya tukuna.