Mai Ɗorin Balan da Tamaular Ƙarfe

Ja'afaru Yusuf Balan, wanda aka fi sani da Ɗantani Mai Ɗori, an haife shi ranar Litinin, 3 ga watan Maris, 1958, a garin Balan da ke ƙasar Gaya. Ranar haihuwar tasa ce ta ba shi laƙabin da ya rinjayi sunansa na yanka.

Manomi ne kamar sauran mutanen garin, yana noma gero da dawa da wake a gonar gidansu. Amma abin da ya kai sunansa Kademi da Ajingi da ƙauyukan da ke tsakaninsu shi ne ɗorin karaya. A wurin mahaifinsa ya gaji sana'ar, shi kuma a wurin nasa mahaifin. Kayan aikinsa ba su da yawa: karan dawa da aka tsaga aka ɗaure da zare kamar ƙaramar asabari, da man shanu, da tsumma mai tsafta, da addu'ar da yake tofawa. Na yi maƙwabtaka da shi tun daga lokacin da aka kawo ni koyarwa a makarantar firamare ta garin har na yi ritaya. Shi ya ɗora mini wuyan hannu sa'ad da na faɗo daga keke, kuma da hannun nake wannan rubutu.

Mutanen yankinmu sun ɗauka cewa ɗori gado ne, ƙashi ba ya kamawa a hannun wanda bai gada ba. Ko haka ne ko ba haka ba ne, ba ni da ilimin da zan yanke hukunci. Abin da na sani shi ne babu wanda zai miƙa karyayyiyar ƙafarsa ga baƙon hannu. Ɗantani ba shi da wa ba shi da ƙane. Allah ya ba shi 'ya'ya mata shi da matarsa Hansai, sannan daga ƙarshe ya ba su namiji guda, Sagiru. Don haka kowa a Balan ya san cewa idan Sagiru bai karɓi sana'ar ba, ranar da aka binne Ɗantani za a binne ɗorin gidansu.

Sagiru yana da shekara goma sha shida mahaifinsa ya fara kiransa ga aiki. An kawo wani ɗan acaɓa da ya yi karo da amalanke a kan hanyar Ajingi, ƙwaurinsa ya karye. Aka ce wa Sagiru ya riƙe cinyar mutumin. Ɗantani ya ja ƙafar, ƙashin ya ba da sauti, mutumin ya kurma ihu, sai Sagiru ya sulale ya faɗi sumamme a gaban jama'a. Sai da aka yayyafa masa ruwa ya farfaɗo. An sake gwada shi bayan damina, haka aka sake kwasarsa. Daga nan duk lokacin da ya hango an ɗauko mutum an nufo zaurensu, sai ya fita ta bayan gida ya yi gona. Samari suka sa masa suna Mai Suma. Mahaifinsa bai taɓa dukansa a kan haka ba, bai kuma taɓa yi masa gori ba, amma magana ta yi ƙaranci tsakaninsu har ta koma gaisuwa kawai.

Da ya gama sakandare sai Sagiru ya koma Gaya wurin wani mutum mai suna Kabo, wanda ke da shago kusa da tasha. Ana cajin waya a shagon, a cikin ɗakin baya kuma akwai talabijin biyu da injinan wasa, abin da yara ke kira gidan gem. Yawancin masu zuwa wasan ƙwallon ƙafa suke bugawa. Amma akwai wani faifai da Kabo ya sayo daga Kano, wanda samarin suka raɗa wa suna Tamaular Ƙarfe. Wasa ne da ba a taɓa yin irinsa a duniya ba, masu ƙirƙira ne suka zauna suka tsara shi, suka ce a wani birni ake yinsa shekaru ɗaruruwa masu zuwa. Filin ƙarfe ne da aka kewaye da waya mai wuta. 'Yan wasan suna sanye da sulke mai ƙayoyi, suna kokawa a kan wani dunƙulen ƙarfe domin su jefa shi cikin rami a bango. Babu alƙali, babu laifi. Wanda ya jefa ƙwallo ya sami maki, wanda ya karya abokin hamayya ya sami fiye da haka. Idan an karya mutum, sai injin ya maimaita bugun a hankali, ya nuna hoton ƙashin a cikin jiki yana tsagewa.

A wannan wasa Sagiru ya gagari kowa a Gaya. Labari ya iso Balan, mutane suka samu abin dariya: ɗan mai ɗori ya kasa kallon karaya guda a zauren ubansa, ga shi can yana karya mutane daga safe har yamma a cikin gilashi. Muhyiddeen, wan Hansai, ya zo takanas ya ce wa Ɗantani wasan nan yana busar da zuciya, ya kamata a je a janyo yaron da ƙarfi, in ta kama a fasa injin. Ɗantani ya saurare shi har ya gama, ya yi masa godiya, bai ce zai yi ba, bai ce ba zai yi ba.

Washegari ya same ni a ƙofar gida ya tambaye ni ko na san yadda wasan yake. Na ce ban sani ba. Ya ce to mu je mu gani, domin ba ya son ya tsine wa abin da idonsa bai gani ba, kuma yana jin nauyin shiga wurin yara shi kaɗai. Bayan sallar azahar muka hau babur ɗaya zuwa Gaya.

Ɗakin ya cika da samari da zafi da warin hayaƙin janareto. Da muka yi sallama wasu suka miƙe suka ba mu benci. Sagiru ya durƙusa ya gaishe mu, fuskarsa kamar wanda aka kama da sata. Mahaifinsa ya ce masa ya ci gaba da abin da yake yi, kallo muka zo. Wani mai bakin tsiya daga baya ya nuna 'yan wasan da ke cikin talabijin ya ce, "Baba, ɗori ka zo yi musu? Ai waɗannan sai dai mai walda." Ɗantani ya yi murmushi ya ce, "Ku dai fara karya su tukuna, ɗana, sai mu ga na wanda ya dace."

Wasu biyu ne suke kan wasa a lokacin. Ban taɓa jin amo irin wannan ba: ƙarar ƙarfe a kan ƙarfe, ihun 'yan kallo, da sautin ƙashi mai kama da na busasshen kara idan an taka shi. Wani ɗan wasa ya faɗi, wata mota marar direba ta zo ta ja shi waje ta ƙafa, wani sabo ya shigo a madadinsa. Ɗantani ya tambayi inda aka kai shi da wanda zai kula da shi. Aka yi dariya aka ce babu inda aka kai shi, ya ɓace ke nan. Na ga abin bai yi masa daɗi ba.

Da layi ya zo kan Sagiru, kafin ya ɗauki abin dannawa sai ya ɗauki rimot ya rage ƙarar talabijin har ta mutu. Ɗakin ya ɗauki gunaguni. Abokin karawarsa ya ce, "Haba Sagiru, kai kullum sai ka mayar mana da shi wasan kurame. Yau ga baƙi ma ba za ka bari su ji daɗi ba?" Kabo ya juyo ya gaya mana cewa haka yake tun da ya zo, ba ya wasa sai an kashe sauti, kuma idan wasu suna yi da ƙara fita yake yi ya zauna wurin caji. Sagiru ya ci wasan cikin shiru. Hoton ƙasusuwa ya yi ta bayyana a gabansa, ko ƙiftawa bai yi ba, manyan yatsunsa suna tafiya a kan maɓallan cikin natsuwa. Ni talabijin nake kallo. Ɗantani ɗansa yake kallo.

Daga wannan rana ya mayar da zuwa shagon Kabo al'ada, duk Juma'a bayan an sauko daga masallaci. Aka fara cewa tsohon ma ya kamu. Ni da na raka shi sau da dama na san abin da yake yi. Idan injin ya nuna hoton karaya, sai ya ce, "Auta, tsayar mini da shi nan." Sagiru ya danna, hoton ya tsaya cik. Sai ya tambaye shi wane ƙashi ne wannan, ta ina ya tsage, ta wace fuska za a ja, kara nawa za a jera, ina za a fara ɗauri. Da farko Sagiru yana amsawa ne kansa a sunkuye, samari suna ƙyaƙyata dariya. Daga baya su kansu suka shiga gardamar, kowa yana faɗin nasa. Wani lokaci Ɗantani yakan ce wannan karayar ta masu zane ce, ta mutum ba haka take zuwa ba, sai ya kama hannun Sagiru ya ɗora a kan nasa ƙwaurin ya nuna masa. Sun taɓa matsa masa ya gwada wasan da kansa. Ɗan wasansa bai yi taku uku ba aka maka shi da bango. Ya miƙa musu abinsu ya ce shi ɓangaren gyara aka ajiye shi.

Bai taɓa son wasan ba, ya gaya mini haka a fili. Ya ce bai ga dalilin da mutane za su zauna su ƙago duniyar da ake ba da lada a kan karya mutum ba. Amma ya ce a nan ne kaɗai ɗansa yake iya duban ƙashi, don haka a nan zai same shi.

Bayan girbi wata akuyar maƙwabta ta karye. Ɗantani ya aika aka kira Sagiru. Da ya iso, sai ya miƙa masa auduga guda biyu da ya mulmula da man shanu, ya ce, "Ka kashe ƙarar, kamar yadda kake yi a wurin Kabo." Sagiru ya toshe kunnuwansa ya ɗora akuyar, tana kuka yana aikinsa. Bayan ta sai ɗan maraƙin wasu makiyaya, sai tumaki. Ya shafe fiye da shekara a kan dabbobi, yana kai da kawo tsakanin Gaya da Balan. A cikin wannan lokaci ne hannun Ɗantani ya fara rawa. Aka kai shi asibiti aka ba shi magani, rawar ta ragu amma ba ta daina ba, har ya zama ba ya iya ɗaure kara da kyau.

Ana haka aka kawo Barira, wata dattijuwa daga rugar da ke gabas da gari, saniya ta ture ta hannunta ya karye a ƙasan gwiwa. Ɗantani ya duba hannun, ya dubi nasa hannuwan, ya ce Sagiru ne zai yi. Barira ta janye jikinta ta ce, "Wannan ba shi ne mai suma ba? In ya faɗo a kaina, wa zai ɗaga wani?" Ɗantani ya ce, "Inna, idan ya faɗi ni zan ɗaga ku duka biyun. Ba shi hannun." Sagiru ya fito da audugarsa a gaban kowa ya cusa a kunne. Masu leƙe a bakin zaure suka fara raɗa. Barira ta ce ashe ma ba ya son jin zagin da za ta yi masa, to zai gani a bakinta. Mahaifinsa ya riƙe kafaɗar, shi ya ja. Ta yi ihu, ta zage shi da Fillanci da Hausa, shi kuwa ya jera karansa ya ɗaure ya tofa addu'a, sannan ya cire audugar ya ce mata sannu. Hannun ya kama sarai. Da ta warke ta aiko masa da ƙwaryar nono, ta ce a gaya masa zagin yana nan ba ta janye ba.

Tun daga nan Sagiru ke zaune a zauren. Sunan Mai Suma ya koma Mai Auduga, har yanzu akwai masu kiransa haka, kuma akwai waɗanda suka gwammace su wuce asibitin Gaya, shi ma yakan tura su can idan ƙashi ya huda fata. Yakan leƙa shagon Kabo jefi-jefi, an ce yara sun fara cinye shi.

Ɗantani ya rasu a damina ta shekarar 2024, bayan gajeriyar jinya. Allah ya jiƙansa ya gafarta masa.

Da Hansai ta fita takaba na je gaishe ta, na gaya mata ina son in rubuta tarihinsa. Na yaba da basirar da ya yi har ya gano daga wasan yara cewa kunnen Sagiru ne matsalar, ba zuciyarsa ba. Sai ta ce ba a wurin wasa ya gano ba. Ta ce tun tana amarya take ganin audugar kaɗinta tana raguwa. Wata rana ta leƙa ɗakinsa an kawo mai karaya, ta gan shi yana cusa ta can cikin kunnuwansa, ya janyo hula ya rufe, sannan ya fita zaure. Haka ya yi kafin kowane ɗori har ƙarshen aikinsa. Ba ta tambaye shi ba, shi kuma bai taɓa gaya wa kowa ba, har da Sagiru.