Aron Maƙogwaro

Kwalba uku a kan tebur, gurbi ɗaya a kan kanta, ni kuma da harshen da ya daina aiki. Abin da ke gabana ke nan a ranar.

Shagona yana Woolwich, nan ƙasar Turawa, gangare kaɗan da kasuwa, kuma giya nake sayarwa. Ban taɓa ɓoye wa kowa ba. Ni Bamaguje ne, sana'ar gidanmu ce tun kafin a haife ni, sai dai a can tukunya ce, a nan kwalba. Manyan kantuna sun fi ni arha, kowa ya sani. Masu hawo bas tun daga Thamesmead ba arha suke nema a wurina ba. Suna zuwa ne don in na ce abu yana da kyau, to yana da kyau. Wannan suna shi ne jarina, sauran duk kayan haya ne.

Abin da ba su sani ba shi ne, tun cutar nan da ta zaunar da kowa a gida, hancina da harshena ba su dawo ba. Ina jin zafi, ina jin sanyi, ina jin kauri da tsinkewa. Amma zuma da man ja duk ɗaya ne a bakina. 'Yata kaɗai na gaya wa, ita da ke taya ni zama a shago ranar Asabar. Ta ce in bar ta ta riƙa duba abin da masana suka rubuta a waya, mu bi. Na ce in haka ne, me ya raba ni da babban kanti?

Wakilin kamfanin da ke kawo mini kaya, wani saurayin Bature mai ladabi, shi ya zo da kwalaben. Wiskin Amurka ne da ake kira burbon. Da masara ake yin sa, a ƙara wata ƙwaya, a zuba a gangar itace da aka babbake cikinta, a manta da shi shekaru. Yawanci ƙwayar da ake ƙarawa wata ce mai yaji da ba ma nomawa a ƙasarmu. Waɗannan ukun kuwa alkama aka sa musu, don su yi laushi. Ɗaya zan zaɓa, in ɗauki kaya mai yawa, ba mayarwa. In na zaɓi lami na yabe shi da bakina, ranar da mutanena suka kurɓa za su gane tsohon ya ƙare.

Da ya zare murfin ta farko ya tsiyaya, sai wuyan kwalbar ya yi wannan ƙara, ɓul-ɓul-ɓul. Ban ji ƙamshi ba, amma kunnena lafiya lau yake. Ƙarar ta kai ni bayan rumbun kakata.

A wurin kakannina na tashi, a wani ƙauye da ke gefen fadama. Kaka ita ce mai giyar unguwarmu. Ba ita kaɗai ke dafawa ba, amma in ana biki ko gayya, tukunyarta ake tambaya. In na rufe ido har yanzu ina ganin dawar da ta jiƙa ta shimfiɗa a inuwa, ta lulluɓe da ganye, har ta fitar da fararen tsiro kamar gemun ɗan akuya. A shanya, a niƙa, a dafa a manyan tukwane, a tace, a sake dafawa. Sannan ta zuba ɗan ragowar tsohuwa a cikin sabuwa ta rufe. Da safe in ka kara kunne sai ka ji tukunya tana magana ƙasa-ƙasa. Takan ce da ni, “Mijina, zo ka ji amarya ta farka.”

Ni ne mijinta, kakana kuwa abokin takarata. In ta ƙara mini nama sai ya ce, “Ɗan nema, ka ƙwace mini mata, yanzu kuma har da ƙashin?” Mutum ne mai surutu. Ya fara da asuba, sai barci ya tsayar da shi. Komai kuma yabo yake, ko ruwan rijiya ka ba shi sai ya ce bai taɓa shan irinsa ba.

Wata damina Kaka ta yi zazzaɓi mai tsanani, har aka fara aika wa dangi. Ta tashi, ta koma bakin murhu, kowa ya ce an gode Allah. Bayan nan da ɗan lokaci ta yi mana miyar kuka, ta zabga kanwa har miyar tana ɗaci. Na kai loma ɗaya na buɗe baki zan yi ƙorafi, sai na ji yatsun kakana, wanda muke kira Tsoho, a cinyata, ya murɗe. Shi kuwa ya cinye nasa tas, har da siɗe kwano, yana cewa yau miya ta yi miya. Ita ma ta ci nata ba ta ko yamutsa fuska ba.

Sai a hanyar gona ya gaya mini. Ya ce, “Abokina, tun zazzaɓin nan bakin matarka ya mutu. Tuwo da ƙasa ɗaya ne a wurinta. Abin da ka ji yanzu, haɗiye shi, kada in ji ya fito ko a mafarki.”

Na ce, “To giya fa? Yaya za ta sani?”

Ya yi dariya ya ce, “Ka zuba ido.”

A shekarar ce gonar Tsoho ta fi ƙarfinsa, ya kira gayya. In ba ka san gayya ba, samarin unguwa ne za su taru da fartanyoyinsu su nome maka gona cikin yini guda, ba lada sai tuwo da giya. Amma fa giyar ita ce lada. In ta yi daɗi, baɗi kafin ka rufe baki sun cika gonar. In ta yi lami, za su sha su yi godiya, baɗi kuma kowa sai ya ce ƙafarsa na ciwo. Tsoho ya tsufa, 'ya'yansa sun tafi birni. In gayya ta guje shi, gonar ce ta guje shi.

Dawa ta yi ƙaranci a rumbu, ba za ta ishi tukwanen gayya ba, dole a yi mata ciko. Akwai gero, akwai kuma 'yar alkamar da ƙanen Kaka ya kawo mata daga noman rani, wadda take ajiya don alkaki. Ba wanda ya taɓa sa alkama a giya a unguwarmu. Kaka ta ce za ta gwada. Ta dafa ƙananan tukwane uku: ɗaya dawa zalla, ɗaya da gero, ɗaya da tsiron alkama. Ranar da suka tashi, matan da ke taya ta aiki suna zaune, ta ɗebi kowace ta kai baki, ta juya a harshe, ta kalli sama kamar mai nazari. Sannan ta ce, “Maigida, zo ka sa albarka.”

Tsoho ya zauna a kan turmi yana ba da labarin wata akuya da ta shiga gonar maƙwabci. Ta miƙa masa ƙoƙon farko. Ya sha ya ce, “Kai! Wannan ko sarki!” ya ci gaba da akuya. Ta miƙa na biyu. Ya sha, ya goge gashin baki da bayan hannu, ya ce wannan ma ta fi ta farko, ya koma kan akuya. Ta miƙa na uku, mai alkama. Ya kurɓa. Akuya ta tsaya a tsakiyar gona. Ya dubi cikin ƙoƙon, maƙogwaronsa ya hau ya sauka a hankali, bai ce komai ba. Can sai ya miƙa mata ƙoƙon ba tare da ya ɗago ba.

Kaka ta juya wurin matan ta ce, “Ta ukun za mu yi. Tun da na kai ta baki na sani.”

Da matan suka watse na tambaye ta a ɓoye. Ta ja kunnena ta ce, “Bakin kakanka maƙaryaci ne, maƙogwaronsa ne mai gaskiya. Wadda aka yaba nan take, ba ta riƙe mutum ba. Wadda aka goge baki bayanta, baki ne ke korar ta. Mai kyau ita ce wadda ta ƙwace masa magana.” Ba ta ce bakinta ya mutu ba, ni ma ban ce na sani ba. Gayya ta cika a shekarar, ta cika a ta gaba. Har ta rasu ana cewa ba harshe irin nata.

To, ga ni a Woolwich da kwalba uku, saurayin Bature yana jiran in yi magana, 'yata tana tsaye a bayan na'urar kuɗi tana kallona da tausayi. Sai na hango abokina ta gilashi, yana dawowa daga kasuwa da ledar doya. Tsohon direban bas ne, mutumin kudancin Kaduna, ya yi ritaya, kuma tun da na san shi ban taɓa jin ya kai aya ba. Na leƙa na ce, “Direba, zo ka sa albarka.”

Ya shigo yana cewa, “Bamaguje, yau kuma wa za ka cuta?” Bai jira amsa ba ya kama labarin rigimarsa da council, hukumar unguwa mai gidan da yake haya, a kan injin ɗumama ɗakinsa: ya yi booking, sun yi cancel, ya sake yi, sun turo yaron da bai san kan sukurudireba ba.

Wakilin ya zuba ta farko, mai lambobin yabo a jikinta. Ya ce za mu ji zaƙi kamar na alewar madara. Na ɗaga kofi na juya, na ga ruwan ya gangaro da sauri, na kurɓa na ji ɗumi kawai. Direba ya sha ya ce, “Kai, wannan ta yi! Laushi kamar katifa,” ya koma kan council. Ta biyu ta fi duhu, ta fi daɗewa a ganga, ta fi ƙarfi, ita kam ko mataccen harshena ya ji cizonta. Wakilin ya ce akwai hayaƙin itace a cikinta. Direba ya sha, ya yi gyaran murya, ya goge baki, ya ce ai wannan ta maza ce, ya ci gaba da yaron sukurudireba.

Ta uku kwalba ce mara ado, takardarta kamar ta maganin tari. Wakilin ma bai yi dogon bayani ba. Na lura ta ɗan fi kauri, tana manne wa kofi kafin ta sauko. Direba yana cewa, “Sai na ce da matar a waya, ke madam, in kin ga na mutu da sanyi...” ya kurɓa.

Ba mu taɓa jin abin da ya ce da matar ba. Ya dubi cikin kofin. Maƙogwaronsa ya hau, ya sauka. Motar kwasar shara ta wuce a waje, muka ji ta har ta sha kwana. Can ya ce a hankali, kamar da kansa yake, “Gurasa mai zafi da zuma.” Ya turo kofin gaba.

Na ce da wakilin, “Ta ukun.”

Ya yi mamaki, ya ce yawanci ta farko ake ɗauka. Na ce na sani. Ya rubuta, ya tattara kayansa ya tafi. 'Yata ta matso ta ce mini ƙasa-ƙasa, “Daddy, you cheated.” Na ce ban yi ha'inci ba, aro na yi, kuma a gidanmu na gada.

Direba ya ɗauki ledar doyarsa. Har ya kama ƙofa ya juyo ya ce, “Bamaguje, gobe in za ka ari maƙogwarona, ka yi mini waya in ci abinci tukuna. Ga shi ƙafata tana neman gardama da ni.”

Na ce, “Aron me?”

Ya ce, “Haba. Ranar da ka haɗa mana shayi da madarar da ta yi tsami, ka shanye naka kana ta hira, ni da wa muka sha? Ni ma shanyewa na yi. Ka ji na gaya wa wani?” Ya ja ƙofa ya fita.

Na daɗe a tsaye. Ba shi nake tunani ba, matan nan nake tunani, masu taya Kaka aiki. Su ma fa suna cin miyarta. Su ma suna zaune lokacin da take kallon wuyan mijinta maimakon ƙoƙonta. Shekara da shekaru ina ɗauka mu biyu ne muka riƙe asirin, ni da Tsoho, har ina jin kaina babban mutum. Yanzu ina zaton unguwar ce gaba ɗaya ta haɗiye shi, kowa yana tsammanin shi kaɗai ne, suna ta cewa ba harshe irin nata. Ba kuma ƙarya suke ba, tun da giyar ba ta taɓa ba su kunya ba.

A ƙauyen yanzu ba mai dafawa a gidanmu, an ce kaji ne ke ƙwai a cikin tukwanen. Gayya ma ta zama ta kuɗi. 'Yata tana jin Hausa, amma ba ta taɓa jin tukunya tana magana ba. Sai dai Asabar ɗin da ta biyo baya na kama ta ta ajiye waya, tana kallon wuyan wata mata da muka ba ɗanɗano.

Ga lissafin, yadda ɗan kasuwa zai yi shi. Hasara: hanci da harshe, likita a Camberwell ya ce mai yiwuwa su dawo, ni na daina jira. Gurasa mai zafi da zumar nan ban ji ta ba, ba kuma zan ce na ji ba. Riba: ta ukun an saye ta tas, na sake yin oda, sunan yana nan. Sai kuma Direba, wanda yanzu nake saya wa shinkafa da kaza kafin kowane ɗanɗano, yana ci yana cewa na cuce shi. Har yau bai ƙarasa labarin council ba, kuma duk ranar da na ga zai kai ƙarshe, na san kwalbar ba ta cancanci gurbi a shagona ba.