Ranar da Ƙanƙara ta Fito da Maigidana

Mu a Ikara ba mu san dusar ƙanƙara ba sai a hoton kalanda, inda take rufe gidajen Turawa fari fat. Tamu duwatsu ce, jifa take yi. Sau ɗaya na ga mai tsanani, kuma har yau in na tuna sai in ji fuskata ta yi zafi.

Lokacin sojoji sun rage ma'aikata, maigidana na cikin waɗanda abin ya shafa. Akawu ne, mutum mai son girmansa, dattijo a ikilisiya tun kafin furfura. Ya ce kada kowa ya ji, ni kuwa na fi shi son a rufe. Kullum da safe sai in goge masa farar riga, ya hau keke kamar mai zuwa ofis. Ƙauyen Malikanchi yake wucewa, ya tuɓe rigar ya rataye a bishiya, ya yi noma a gonar wani abokinsa Musulmi a kan za su raba amfani.

Zumuntar matan ikilisiya tana zagaya gidaje, ranan nan kuma layi ya zo kaina. Da safe tayar keken ta fashe, babu ta sayarwa a gari. Ƙafa ba ta kai shi gona, in kuma mata suka tarar da shi a gida da rana tsaka, asiri ya tonu. Ni na kawo dabarar: ya shiga ɗakin baya inda muke ajiye masara, in ja ƙofa, har su watse.

Ɗakin nan abin kunya ne shi ma. Gaban gida da ke kallon hanya mun rufa shi da sabon kwano, baya kuwa tsoffin garwani ne da aka buɗe aka shimfiɗa, duk tsatsa ta cinye.

Mata suka cika falo, har da na ƙauyen Janfalan. Aka sa tulu a tsakiya ana bugawa, muna waƙa. Mama, shugabar zumunta, tsohuwa mai ƙaramin jiki, ta tambaye ni Baban yara. Na ce yana ofis, ko ƙifta ido ban yi ba.

Sai gari ya yi baƙi, iska mai sanyi ta shigo, muka ji kamar ana zazzage tsakuwa a kan rufi. Ƙarar ta cinye waƙar gaba ɗaya. Na leƙa, tsakar gida ta yi fari da ƙanƙara, wasu ƙwayoyin sun kai ƙwan zabo, ganyen gwanda sun zama tsumma. Mata suka koma addu'a. Ni ba gwanda ce a raina ba. Na san garwanin nan ba za su iya ba, amma na zauna, ina cewa a zuciya, ka daure, ka daure kaɗan.

Ya daure har rufin ya ɓarke a kansa. Ƙofar ɗakin kuma cikin falo take buɗewa, babu wata. Sai ga shi ya fito, daga shi sai singileti da tsohon wandon gona, jiƙe sharkaf, yana rawar sanyi, jini na bin goshinsa. Ya tsaya yana kallon ƙasa, mutumin da yake karanta Littafi a gaban matan nan kowace Lahadi. Na so ƙasa ta tsage in shige.

Mama ta miƙe a hankali, ta cire mayafinta ta yafa masa a kafaɗa, ta ɗan rusuna.

"Sannu da dawowa, Baba. Yaya ofis?"

"Lafiya, Mama," ya ce.

Sauran suka bi ta ɗaya bayan ɗaya, kowacce sannu da aiki, sannu da aiki. Ba wadda ta kalli ƙofar ɗakin. Ba wadda ta yi mamaki kuma, abin da ya fi ci mini rai ke nan.

Da ƙanƙarar ta ɗauke suka fara tafiya, suna taka ta tana ƙaras-ƙaras. A bakin ƙofa Mama ta riƙe hannuna, ta sassauta murya.

"'Yata, ki ce masa ya daina rataye farar rigar a bishiyar bakin hanya. Tsuntsaye na ɓata ta, ke kuma kina shan wahalar wanki."