In-Ta-Ɓaci Ta Zare Waya

An ce wai 'yar kawuna ta kulle aljani a wani ɗaki a wurin aikinta, tana ciyar da shi wutar lantarki, shi kuma yana raɗa mata lambar wayar duk wanda ya taɓa sayen injin ban ruwa a garin nan. Gwaggonmu ce ta kawo labarin, ta ce da kunnenta ta ji gurnaninsa ta bayan ƙofa. Ni da nake tuƙa motar kai kaya a kamfanin na ƙara gishiri, na ce ƙaho gare shi, kuma ba ya son zafi.

To, ƙarya ce, ban da maganar zafin. Abin da ke ɗakin saba ce, wata ƙatuwar kwamfuta marar fuska a cikin kabad ɗin ƙarfe, fitilunta na ta ƙyafta ido. A cikinta rumbun bayanan kwastomomi yake. In mutum ya bugo yana masifa injinsa ya ƙi tashi, masu amsa waya sai su danna manhajarsu, manhajar ta tambayi saba, nan take a ga yaushe ya saya, wane makaniki aka tura masa, da wane alkawari aka yi masa aka shanye. Aikin taubashiyata shi ne tsara wannan rumbu: girmansa, inda zai zauna, da abin da za a yi ran da ya kwanta.

Aikin ya dace da ita kamar hula da kai. Tun muna yara muke ce mata In-Ta-Ɓaci. Yarinyar da ke zuwa makaranta da silifas na biyu a jaka, wai ko na ƙafa zai tsinke. Ran da yayanta ya sayo sabon babur, kowa na sa albarka, ita tambaya take wa zai turo shi gida in ya mutu a hanya. Ni na bar boko tun ina ganin allo dishi-dishi, ita ta zarce har sai da aka biya ta don ta riƙa yin wannan tambayar.

Da kamfani ya buɗe sababbin rassa, manhajar ta fara tafiyar hawainiya. In-Ta-Ɓaci ta ja kujera ta zauna cikin masu amsa waya, tana lura da lokacin da kira ke yin cunkoso, da yadda hotunan injinan da suka lalace ke cinye wuri. Daga nan ta ce saba biyu ake bukata, duk abin da aka rubuta a ta farko ya faɗa ta biyu nan take, kuma ta biyun a ajiye ta a sito, tsallaken titi. Manaja ya so a jera su wuri ɗaya don baƙi su gani su yaba. Ta tambaye shi in rufin ya yi yoyo fa. Ya ce ta daina yi wa dukiyar mutane mugun baki, amma ya sa hannu.

Sai ta zo da wadda ta fi: tana so ta zare wayar wutar saba ta farko da gangan, da rana tsaka, ana cikin aiki. Ta ce madadin da ba a gwada ba, labari ne. Manaja ya cire tabarau ya dube ta.

"Injiniya, in allunan kwamfutocin nan suka mutu kwastoma yana kan layi, ki haɗa jakarki."

"Na ji, Yallaɓai."

Ranar na ajiye mota na shigo kallo, don ba a ba ni labarin faɗuwar taubashi. Ta sa rigar sanyi don ɗakin sabar kamar firji yake, ta durƙusa bayan kabad, ta kama wayar, ta fizge. Gurnanin ya ɗauke. A ɗakin amsa waya alluna suka daskare, wata na cewa wani dattijo ya ɗan yi haƙuri, shi kuwa ana jiyo faɗansa har bakin ƙofa. Manaja ya fara laluben makullin ofis, ban san me zai kulle ba. A lissafina mun yi shekara a tsaye. Can sai sabar da ke sito ta karɓi aiki, allon farko ya motsa, na biyu ya bi, sunan dattijon ya fito da duk ƙorafinsa, har na safiyar ranar, ko wasali bai ɓata ba. Manaja ya mayar da tabarau ya ce dama shi ya san za a yi haka.

A baranda na tare ta, na ce na ga yadda ta tsorata, kuma zan faɗa wa dangi kaf. Na ce tunda komai sai ta yi masa na biyu, yaushe za a sayo nawa?

Ta tuɓe rigar sanyin ta rataya a kafaɗa.

"Kai kaɗai ne ban tanadar wa madadi ba a kamfanin nan, taubashi. Na duba, in ka tsaya babu wanda zai lura."